Igiya Biyu Zuwa Rigasa

Talata Mafara,
6 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga aminina Ishaya Kafinta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maman Patience da yara da jikoki. Yaya Kaduna, yaya ƙugun naka? Mu nan sai godiyar Allah. Shinkafa ta nuna, tsuntsu ne kawai ya hana mu sakat.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Ka san an katse mana layin waya tun watan jiya, mun koma zamanin da ni da kai muke samari a aikin ruwa na Bakalori. Fa'izu direba, mai lodin Kaduna, shi zai riƙa kai maka yana karɓo amsa.

A cikin ambulan za ka ga igiyar rama. Kada ka ɗaure akuya da ita, aiki za ta yi. Autarmu Rumaisa ta haihu a Kubwa ta Abuja wata huɗu ke nan, mace, an mayar wa mai ɗakina Adama da suna. Halin da hanya take ciki ya hana ta zuwa wankan gida, kaka kuwa har yau ba ta ɗora ido a kan takwararta ba. Mun sa ranar talatin ga wata. Za mu iso Kaduna da yamma, mu kwana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, mu bi jirgin safe. Na san za ka ce gidanka fa? To Malam, kana can ƙarshen gari a hawa na biyu, kai ma da nishi kake hawa.

Ka san ciwon suga ya ci wa Adama ƙafa ɗaya, ta koma keken guragu. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne abin da ya faru a Bakura shekara biyu da suka wuce. Mun je bikin 'yar ƙanena, ɗakin taron yana da matakala shida. Kafin in ankara ƙarti huɗu sun sungume ta da keken, kamar buhun shinkafa, ɗaya yana ihu a ba gurguwa hanya. Zaninta ya janye, jama'a suka ga dungun. Tun ranar ba ta sake fita ba sai asibiti. Ko can ɗin, ni nake tura ta, ta naɗe hannuwa a cinya har mu fita zaure.

Yanzu ta yarda za ta yi tafiyar, amma da sharaɗi: a masauki babu mai ɗaga ta, babu mai tura ta. Mota da jirgi ba su dame ta ba, da sanda takan yi taku biyu uku in da abin dafawa. Igiyar nan faɗin keken ne, daga taya zuwa taya, ni na auna da hannuna. Ka samo mana otal na ɗan fansho, ɗaki a ƙasa, kusa da tasha, ka gwada igiyar a ƙofar ɗaki da ta banɗaki.

Ƙyauren zauren da ka yi mini shekara ashirin yana nan, ko gara ba ta taɓa shi ba. Adama tana gaishe da ƙawarta.

Naka har kullum,
Bawa Mai Awo.

*

Talata Mafara,
14 ga Oktoba, 2021.

Aminina Ishaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, amsarka ta iso jiya da la'asar. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na yi dariya har da hawaye da na karanta cewa wani mai gadi ya kore ka don ya ga tsoho yana ɗora igiya a ƙofar mutane, ya zaci asiri kake binnewa. Ai da ka gaya masa dattijon coci ne kai, bokancinka bai wuce na zarto da guduma ba.

Na zauna da wurare ukun da ka lissafa, na juya su ciki da bai. Dogon benen da ke kallon tasha, ka bar su da kayansu. Kuɗin kwana ɗaya ya isa taki buhu guda, kuma ka ce ɗakunan duk a sama suke, sai da lif. In aka ɗauke wuta muna hawa na uku, jirgi yana kuka, wa zai sauko da ita? Bakura ce za ta dawo sabuwa.

Na biyun, mai arha sosai, raina ya biya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka ce sai an tsallaka kwata a kan katako ɗaya, banɗakin kuma na haɗaka ne a bayan fili. Araha ba ta ado. A cire shi.

Saura na Hajiya Zuhura mai koren get. Ɗaki a ƙasa, banɗaki a ciki, 'yar matakala ɗaya tak a baranda wadda ka ce za ka sa wa katako, tafiyar minti goma zuwa tasha, kuɗin kuma ba zai sa in yi azumin dole ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne da ka ce igiyar ta shiga ƙofofin cif-cif, ba ragi ba ƙari. Ka tuna shekara talatin ina auna bakin magudanan ruwa daga Maradun har gonakin Bakura, injiniya bai taɓa mayar mini da takarda ba. Ka kama mana ɗakin.

Ban gaya wa Adama ba tukuna, sai gobe bayan ta karya. Ishaya, kwanan nan na ji tana 'yar waƙa tana saƙa wa jaririyar hula. Rabon da in ji haka na manta. Ina son matar nan fiye da yadda bakina ya iya faɗa mata, kai kaɗai nake iya rubuta wa.

A gaishe da kowa da kowa.

Naka,
Bawa.

*

Talata Mafara,
16 ga Oktoba, 2021.

Ishaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ka yafe gajartar gaisuwar, Fa'izu ya kusa cika mota.

Na yi abin kunya. Na je wa Adama da albishir ina taƙama da cif-cif. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in jawo turmi biyu tsakar gida, in ajiye su daidai faɗin igiyata. Na yanko wata irinta na ajiye. Ta kama tayoyin ta turo kanta. Keken ya shiga, amma bayan hannuwanta duka biyu suka daki turamen, har na dama ya ɗaye. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi keken na auna, ban auna mai keken ba.

Gaskiyarta. Na yi awon ne ina tsaye a bayansa, inda na saba tsayawa. Wanda ake turawa yakan naɗe hannu, mai tura kansa kuwa hannunsa a waje yake.

Igiyar da ke cikin wannan ambulan ita ta yanka da almakashinta, hannuwanta riƙe da taya, ni na ja mata daga wannan gefe zuwa wancan. Ta fi tawa da kusan taƙi guda. Ta ce in ba ta shiga ba, a ba Fa'izu hular ya san yadda za ta isa Kubwa, ita ta haƙura. Ka san ta, in ta ce ta haƙura, an gama. Kwanaki yayarta Salma ta aiko daga Maradun tana ƙorafi wai zumunci a ƙafa yake. Adama ta yini ba ta ci abinci ba.

Don Allah ka koma da wannan igiyar. In ta Hajiya Zuhura ba ta yi ba, ka sake zagayawa, ko da mai tsada ne, in dai a ƙasa yake. Shinkafa tana gona, zan sayar. Tsorona ɗaya: in wannan tafiyar ta rushe, ba na jin za ta sake yarda ta leƙa waje har a fitar da ɗayanmu.

Naka cikin damuwa,
Bawa.

*

Talata Mafara,
12 ga Nuwamba, 2021.

Zuwa ga ɗan'uwana Ishaya,

Gaisuwa irin ta wanda ya rasa bakin godiya. Yaya gajiyarmu? Yaya Maman Patience, da ta cika mu da dambun nama kamar masu tafiya Makka? Mun dawo gida lafiya ranar Litinin.

Ka ce mini gyara kaɗan ka yi. Hajiya Zuhura ta tona ka. Ta ce kwana biyu ka yi a wurin, da ƙugun naka, ka cire katakon ƙofofin biyu ka sa marasa kauri, ka sake rataya ƙyamaren. Ta ce da farko ta ƙi, sai da ka zauna ka ba ta labarin wadda za ta kwana a ɗakin, ta yarda da sharaɗin ka bar mata katakon baranda don baƙin gaba. Ta kuma ce ko kuɗin ƙusa ka ƙi karɓa.

Ka ga shigar Adama da idonka, ta hau katakon nan ta wuce ɗaki, ni ina biye da jaka biyu kamar ɗan dako. Abin da ba ka gani ba, bayan kun tafi ta shiga banɗaki ta fito ya fi sau biyar, ba don komai ba. Da safe kuwa ta riga ni shiri. A hanyar tasha na miƙa hannu sau ɗaya wajen wani rami, ta harare ni, na mayar da shi aljihu.

Jirgi ya yi mata daɗi, ta ƙi barin taga. A Kubwa aka ɗora mata takwara a cinya, ta sa mata hular, ta yi mata yawa har ta rufe ido. Rumaisa tana kuka, Adama tana yi mata tsiya wai ta haifo mai ƙaramin kai irin na ubanta. Kwana bakwai muka yi, da dawowa muka sake kwana a ɗakin namu na Rigasa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna a tasha ka cusa mini igiyar nan ta biyu a aljihu, ka ce wataƙila ta yi amfani a gida? Na ɗauka tsokanarka ce. Da muka sauka a ƙofar gida, matar da ta zagaye Rigasa da Kubwa da hannunta ta tsaya a bakin zaure, ta naɗe hannuwa a cinya, tana jiran in tura. Na shigar da ita, na dawo na ciro igiyar na ɗora a ƙofar zaurena. Ishaya, saura yatsa huɗu ta shiga. Ga kuma dokin ƙofa da na sa aka ɗaga saboda ruwan damina.

Shekara biyu ina zagin mutanen Bakura, ina gaya wa kowa kunya ce ta kulle ta. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta ga yadda nake nuna wa baƙi zauren nan ina cewa ni na auna shi, ba ta so ta rushe mini abin taƙamata. Kai ma ka sani, tunda kai ka yi ƙyauren, awonsa yana kanka. Ka yi shiru ka bar igiya ta gaya mini. Na gode da ka rufa mini asiri a gaban jama'a.

Washegari na kira magini. Mun fasa gefe ɗaya, mun kwashe dokin ƙofar, an yi gangare da siminti. Ƙyaurenka yana jingine a bango, ya yi wa ƙofar kaɗan. Ga igiyar nan na sake sa maka a ambulan, tata ce, tawa na jefa a murhu. Ka taho da kayan aikinka kafin Kirsimeti, kai da Maman Patience, ɗakinku yana nan. Har ka zo zauren zai zauna a buɗe.

Da Adama tana nan da ta ce a gaishe ku. Simintin ya bushe jiya. Yau tun hantsi ta ɗauki mayafi ta fita, wai akwai barka da gaisuwar rasuwa na shekara biyu da unguwa take jira. Ga azahar ta wuce, ba a ɗora tukunya ba, ina zaune a kan ɓaraguzai ina shan gari da ƙuli. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba.

Allah ya bar mu tare.

Ni ne naka,
Bawa, wanda a da ake kira Mai Awo.