Ƙofa Ɗaya Zuwa Rumbu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Umma, ya yara? Ni lafiya lau. Ramar da kika gani a hoto fitilar ɗakina ce, kada ki damu.

Aiki ne ya ɗan sa ni gaba. Asibitin da muke wa aiki yana da manhajoji uku: ta karɓar marasa lafiya, ta ɗakin gwaji, da ta ɗakin magani, duk rumbun bayanai ɗaya suke ɗiba. Shugabanmu yana so kowace ta riƙa shiga rumbun kai tsaye, wai ya fi sauri. Na ce a gina ƙofa ɗaya a tsakiya mai tantance komai, kada manhaja biyu su sauya maganin mutum ɗaya lokaci guda. Sai ya ce, "Ke da kika zo jiya?" Wallahi raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Tun ranar ni kaɗai nake cin abinci a gaban kwamfuta. Ba komai, na fi samun natsuwa.

An ba ni mako uku in gwada. In ya yi, zan ci gaba da aiki. Kada ki faɗa wa Baba, addu'a kawai.

Ki turo mini muryar yara. Kuma ki ce wa Umma ta yafe mini. Shekara nawa ina guna-guni don ta hana kowa ɗiban komai a ɗakin ajiya sai ta hannunta? Ga shi na zo uwa duniya ina faɗa a kan mukullinta.

Taki,
Auta