Na Ci Gasa da Tukunyar Hajiya

Anti Nimatu, don Allah ki taimake ni. Farin ciki ya cika min ciki, amma na kasa haɗa ido da maƙwabciyata. Ki yi haƙuri in na cika ki da surutu, kwana goma ke nan ina neman wanda zan amayar wa.

Ni Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, ina aikin jinya a wani asibiti a Bronx. Kakata burkutu take dafawa, a gindin murhunta na girma. Tun ban kai tsawon randa ba na san yadda ake jiƙa dawa, a rufe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Da na zo nan na tarar ashe Turawa ma suna dafa giya a kicin ɗinsu, har da ƙungiya da gasa, sai na ce to, an zo gidanmu. Na ƙudurta sai na yi baƙar giyar nan mai ƙarfi da suke kira sitawut, amma da tsiron dawa a ciki, ba sha'ir zalla ba.

Sau huɗu ina shan ƙasa. Ta farko ta yi tsami. Ta uku na jera kwalaben kusa da hita, suka fashe a kabad, ankon cocina ya sha wanka. Daga baya na gano laifin: tukunyata ƙarama ce, kashi-kashi nake dafawa, wani ya ƙone wani bai nuna ba.

A nan Hajiya Aïchatou ta shigo. Mutuniyar Maraɗi ce, ƙofarta na kallon tawa a unguwarmu ta Soundview, nan Bronx. Shekarar da aka yi min aiki, mako uku ta yi tana shigo min da farfesu tana gasa min jiki. 'Yata take ce min, ni kuma Inna nake ce mata. Tana da wata ƙatuwar tukunyar dalma, gadon mahaifiyarta, daga gida aka yo mata jigilarta. Duk suna da biki da sadakar mamaci a benenmu a cikinta ake dafa shinkafa. Na je aro. Tana miƙo min ta tambayi me zan dafa, bakina ya riga hankalina, na ce kunun zaƙi ne na matan zumunta a coci.

Anti, tukunyar nan ta yi aiki! Na soya tsiron har ya yi baƙi kamar kofi, na dafa gaba ɗaya a wuta guda, na zuba furen nan mai ɗaci da ake kira hof, na tace, na juye a bokitina na sa yis. Da ta gama tashi na ɗura a kwalabe na bar ta wata uku. A watan Maris na bana, 2017, na rungumi kwalabe shida na hau jirgin ruwa zuwa St. George, wata unguwa a tsallaken ruwa, inda ake gasar. Mu talatin da takwas ne, mace baƙar fata ni kaɗai. Alƙalai uku, kowa da gemunsa, suka tsiyaya, kumfa ta tsaya a bakin kofi ta ƙi sauka. Na ga ɗayansu ya kurɓa ya rufe ido, ya sake kurɓa. Da aka kira ta ɗaya sai na ji sunana, an ma karya shi gida biyu, amma nawa ne. Ban san sa'ar da na rangaɗa guɗa ba, har wani dattijo ya saki kofinsa. A jirgin dawowa na kira sunan kakata na yi kuka son raina. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, ga hannunta ya kayar da masu littattafai da ma'aunin zafi.

To ga inda na maƙale. Kin san ba a mayar da tukunyar aro wayam, sai an haɗa da ɗanɗanon abin da aka dafa. Me zan kai wa Hajiya? Wata huɗu ke nan tukunyar na ƙarƙashin gadona. In muka haɗu a lif sai ta tsokane ni, wai ko matan zumunta sun shanye kunun har da tukunyar. Yanzu kuma matar ɗanta Saani watanta ya tsaya, haihuwa yau ko gobe, za a nemi tukunya.

Na wanke ta sau bakwai. Kuma abin da ya tafasa a ciki ruwan zaƙi ne, sai a bokitina ya zama giya. Zuciyata na ce min in dama kunu na gaske in haɗa mata, in ja bakina, ba wanda zai taɓa sani. Amma ina tsoron rasa matar nan, ita ce uwar da nake da ita a ƙasar nan. Yaya zan yi?

Jikar Mai Burkutu, Soundview

Jikar Mai Burkutu, barka da arziki. Ni Musulma ce, abin da kika dafa ban taɓa kai shi baki ba kuma ba zan kai ba, amma na san naci in na gan shi. Faɗuwa huɗu ba ta zaunar da ke ba, kakarki ta yi jika.

Kina da gaskiyarki. Ba da mugunta kika ara ba, kin wanke, kuma giyar ba a tukunyar ta tashi ba. Ko wanki ya wadatar, wannan hukunci ne tsakanin Hajiya da malaminta, ba ni ba, ba ke ba. Sai dai ki duba nata ɓangaren. Kayan mahaifiyarta ne, a ciki take dafa sadaka. Kin san da kin faɗa mata gaskiya za ta iya hana ki, shi ya sa kika ce kunu. Abin da kika ɗauke mata ke nan, damar ta ce a'a.

Maganar dama kunu ki bar ta. Ƙarya ta biyu ce, wadda za ta sha tana sa miki albarka, kuma ke da kika kasa haɗa ido da ita a lif ba za ki iya jin wannan albarkar ba.

Ki je kafin a haihu, kada ki haɗa mata wannan da hidimar jego. Ki nemi lokacin da take ita kaɗai. Ki ɗora dabino da sabulu a kan murfin, al'ada ta cika. Ki zauna ƙasa ki faɗa mata abin da kika dafa da abin da kika ce mata, ki ba ta haƙuri. Bayanin yis da bokiti ki riƙe shi sai in ta tambaya, labarin gasa kuma ba ranarsa ba ce. Ki ce in ba ta son dafa abincin suna a ciki, ke za ki kawo sabuwa. Ke ma ki nemi taki tukunyar tun kafin gasar baɗi.

Za ta iya yin fushi, kuma tana da hakki. In ta rage amsa gaisuwa, kada ke ki rage gaishe ta. Wataƙila ranar sunan ba za a aiko miki da shinkafa ba. Ki shiga duk da haka ki yi barka, in an miƙo miki jaririn ki karɓa hannu biyu.

Allah ya sauki matar Saani lafiya, ya sanyaya zuciyar Innarki, ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar nan yau.

Anti Nimatu