Dutsen Da Na Musanya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa tashar wutar lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin tuna ranar da na kawo miki abinci ɗakin awonku, kika nuna mini ɗan dutsen nan mai kama da ƙanƙara da ke cikin na'urar gwajin wuta? Kika ce jan haske ke ratsa shi, in akwai wuta a waya hasken ya sauya, allura ta motsa, in ba ta motsa ba ma'aikata su hau turken wuta. To da kika fita alwala na zare shi, na sa guntun murfin kwalbar turarenki. So nake ki kunna, ki yi ta zare ido, in ce karatun naki ya ƙare. Ban san ranar za a kwashe akwatunan na'urorin ba. Don Allah kada kowa ya hau.

Ƙaninki, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Direba ya ba ni takardarka. Na kai na'urata kusa da waya mai wuta, allura ta motsa. Tawa lafiya take. Akwatuna biyu ne a teburin, ɗayan yana hannun Baban Yara, sun shiga gyaran layin daji, inda wayar salula ba ta shiga. Na tura mota. Kada Inna ta ji.

Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa, in kina amsawa. Ga dutsen nan a ƙunshe cikin auduga, ban ko ƙara kallonsa ba. Inna ta ce me ya same ni yau ban tsokani kowa ba, na ce ciwon ciki ne, ta dafa mini magani, na shanye duk ɗacinsa. Yaranki sun zo in yi musu muryar babansu kamar kullum, na buɗe baki ta ƙi fita. Shi ne fa mutumin da ke ce mini Sarkin Tsiya yana dariya. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in fita in leƙa. Ko zagi ne ki rubuto.

Auta.

Auta,

Motar ta same su ya riga ya hau. Yana da rai. Hannun dama ne wutar ta kama, likita bai ce komai ba tukuna. Na faɗa wa Baban Yara komai. Bai yarda in ba shi abinci a baki ba, ya ce kai za ka zo ka ba shi. Ka biyo direba.

Ka huta lafiya.
Yayarki.