Ranar Walima Ba Zan Matsa Mata Yatsa Ba

Gwaggo Yelwa, don Allah ki taimake ni kafin Asabar. Abin da ke raina ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Shekaruna sha shida, a Bungudu muke. Ni ba mai surutu ba ce, ko sunana Malama ta kira a aji sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokan hirata littattafan soyayya ne da nake karantawa a wayar yayata in ta shiga girki. Amma wanda ba ya magana yana gani, Gwaggo.

Bara aka kawo wata yarinya Islamiyyarmu, Sa'adatu, sun taso daga wani ƙauye gaba da Nahuce. 'Yan aji suka ce girman kai gare ta, wai a gaishe ta ta yi banza da mutum. Ni na lura ba haka ba ne. In ka yi mata magana ta dama takan amsa, ta hagu kuwa ko ta waiwayo. Kunnen nan ba ya ji, tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama. Ban ce mata komai ba, na dai koma zama a damanta ina maimaita mata abin da ya wuce ta. Ranar da ta gane na sani ta yi kuka, muka zama ƙawaye. Har Malama Asiya na samu na gaya wa, don ta maido ta layin gaba, ta kuwa sanar a aji cewa a riƙa ɗaga mata murya. Duk don alherinta na yi.

To ji sakayyar. Akwai Zaharaddeen, ɗan mai makarantarmu, yana karatu a Gusau, shi ke haɗa mana lasifika in ana taro. Sau ɗaya ya taɓa yi mini magana, ya ce ƙanwata kula da waya kar ki faɗi. Ni kuwa a raina na gina littafi guda a kan maganar nan, har da gidanmu mai furanni a Gusau da sunan ɗiyarmu ta fari. Sa'adatu kaɗai na ba wa labarin. Ta kwashe shi kaf ta zazzage wa 'yan aji, har da furannin. Yanzu in na shigo sai guɗa, a ce ga amaryar littafi, ina kika baro angon, ko yana can yana naɗe waya? Har ƙannensa sun ji. Mi na yi mata, Gwaggo?

Ga abin da na shirya. Asabar ake walimar sauka, Sa'adatu ce za ta ba da ƙasida mu yi amshi, don muryarta ta fi ta kowa, ban hana ta ba. Amma in lasifika na ƙara ba ta jin inda amshi ya ƙare. Ni ke tsayawa a damanta, hannuna cikin nata a ƙarƙashin hijabi, in lokacin shigarta ya yi in matsa mata ɗan yatsa. Babu wanda ya san da wannan. Tun da muka ɓata ba ma gaisawa, amma a wajen gwaji har yanzu takan miƙo hannun, ni kuma in matsa. Ranar Asabar zan matsa a tsakiyar amshi, ta ɓarke da waƙa ita kaɗai gaban iyaye da malamai, sannan in sake ta ta yi ta lalube. Ko kuma in tafi Tsafe gidan kakata da safe ba sallama. Ina so ta ɗanɗana yadda dariyar mutane take. A littafi duk wadda ta ci amana sai ta ji kunya a bainar jama'a. Wanne ya fi mata zafi a cikin biyun?

Mai Kallon Ƙasa, Bungudu

*

'Yata, ba zan zaɓa miki ko ɗaya ba, amma ki karanta har ƙarshe.

An zalunce ki, wannan babu ja. Mafarkin budurwa ba abin dariya ba ne, kuma Sa'adatu ta san inda zai yi miki ciwo ta nufa can. Sai dai koma ki sake karanta wasiƙarki. Sirrin wa aka fara buɗewa? Yarinyar da ta gwammace a ce mata mai girman kai da a san kunnenta ba ya ji, ke kika kai maganarta gaba ba da saninta ba, aka shelanta a aji. Kin tambayi sunan da 'yan ajin nan masu guɗa suka laƙaba mata daga ranar? Ina kyautata zaton ita ma ramuwa ta yi, kuma ta daɗe tana shirya ta kamar yadda kike shirya taki.

Allah Ya ba ki basira. Aji guda suka ga girman kai, ke kika ga kunne. Amma basira ba ruwanta da wanda take yi wa aiki, ɓarawo ma ya fi kowa lura da ƙofar da ba ta rufu ba. Abin da ke mai da ita taimako shi ne natsuwa, mutum ya dakata ya tambaya: wannan da nake shirin taimaka wa, haka take so? Kin ga kunnen, ba ki tsaya kin ga kunyar da ke tare da shi ba. Yau kuma basirar nan ce ta zana miki tarkon da ba wanda zai iya ɗana shi sai ke.

A littafi in muguwa ta ji kunya babi ya ƙare. A Bungudu kuwa gari zai waye ku koma aji ɗaya, uwarta ta ga komai da idonta, ke kuma kin san abin da hannunki ya yi.

Kafin Asabar ki je gidansu, ki zauna ta damanta. Ki fara da naki: na kai maganar kunnenki ban tambaye ki ba, ki yafe mini. Sannan ki faɗa mata zafin da ta sa miki, kar ki rage komai. In ba ta nemi gafara ba, ba dole ku koma ƙawance ba. In kuma kin ji ba za ki iya tsayawa kusa da ita ba, ki gaya mata tun yanzu ta zaɓi wadda za ta koya wa matsa yatsan. Ƙin taimako haƙƙinki ne, kwanton ɓauna ba haƙƙinki ba ne. Amaryar littafi kuwa, ki bar su, suna yana mutuwa in mai shi ta daina tsuke fuska. Zaharaddeen ki bar shi a littafin tukuna, kina da karatu a gabanki.

Abu ɗaya za ki riƙe. Yarinyar da ba ta gaishe ki har yanzu tana miƙo miki hannu a ƙarƙashin hijabi. Ta san kin fusata, ta san abin da za ki iya yi, amma ta miƙo. In kin kama hannun nan ranar Asabar, ki matsa a kan lokaci.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa a yi walima lafiya.

Gwaggo Yelwa