Takwas Bisa Goma

Dutsin-Ma, 20 ga Satumba, 2021

Yaya Malam Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Rabi da yara da ɗalibai. Yaya ƙarshen damina, yaya kuma zaman ɗar-ɗar? Tun da aka rufe layukan waya ga mu mun koma biro da takarda kamar zamanin su Baba. Ya'u direba ya ce zai riƙa ɗaukar mana saƙo duk ranar da ya biyo ta Wurma.

Ɗiyarka Hadiyya ta cika mako biyu a hannuna, lafiya lau. Na sa ta a ajina, aji uku. Amma Yaya, yarinya shekara tara ba ta san komai a Turanci ba sai gaisuwar safe, ita ma da la'asar take yi mini ita! Ban ga laifinta ba, tun da malaman firamarenku sun daina zuwa.

Kada ka damu, gyaranta ba wuya. Bara an kai mu bita, wani masani ya koya mana cewa Turanci da Turanci ake koyar da shi, ba da fassara ba. In kana son yaro ya san ƙofa, sai ka taɓa ƙofa, ka buɗe, ka rufe, kana faɗin sunanta har ya kama. Ya ce kamar koyon iyo ne, wanda ya tsaya a bakin ruwa ba zai iya ba. Wanda ya yi Hausa a aji ba ma dukansa, ba ma zaginsa. Yi muke kamar ba mu ji ba, sai ya nemo Turancin. Da yake Hadiyya tana baya ƙwarai, na kawo dokar har gida. In ta ce "Gwaggo, ruwa," kallon bango nake. Jiya da ƙishi ya ishe ta sai ga kalmar ta fito. Ka ba ni wata uku ka ga aiki.

Ƙanwarka,
Hafsatu

Wurma, 26 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Malama Hafsatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Muna lafiya. Ana yankan gero da wuri, a dawo gida da wuri. Allah Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar yarinyar nan.

Ban san Turanci ba, saboda haka ba zan ja da masaninku ba. Sai dai ni ma harshen da ba namu ba nake koyarwa shekara ashirin da biyu. Kin tuna zauren Baba. Ɗalibi ya karanta guntun Larabci, Baba ya ba shi Hausarsa, ya sake karanta wani guntun, ya sake ba shi. A haka muka san Larabcin da muke taƙama da shi, kuma ban taɓa ganin Baba ya zama kurma da gangan ba. Shi kansa iyon da kika ambata, na ga masu koya wa yara suna tallafe musu ciki da hannu.

Aji naku ne, ku yi yadda kuka sani. Gida nake roƙo. Hadiyya yarinya ce mai surutu, uwarta har korarta take daga madafa don ta samu ta ji kanta. In aka rufe mata baki a makaranta aka rufe a gida, ina za ta kai maganar? Ki bar mata ko da lokacin cin abinci.

Rabi ta aiko mata da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce a gaya mata tunkiyarta ta haihu, biyu.

Wassalam,
Yayanki Abdulhadi

Dutsin-Ma, 11 ga Oktoba, 2021

Yaya Malam,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta ba ni dariya, ta kuma ɗan ɓata mini rai. Allah Ya jiƙan Baba, amma faɗa mini gaskiya: cikin ɗaliban zaurensa, nawa ne za su iya sayen tumatir da Larabci? Karatu suka iya, ba magana ba. Ni magana nake so ɗiyarka ta iya, don gobe ta tsaya gaban kowane ofis ba ta sunkuyar da kai ba. In na buɗe ƙofar Hausa lokacin tuwo, ba za ta sake rufuwa ba.

Gaskiya ne ta yi shiru kwanakin nan. Wannan ma an gaya mana a bita, har suna gare shi, lokacin shiru. Yaro yakan daina magana yana tara harshen a ciki, daga baya ya fashe da shi. Abinci ma ba ta ci sosai, ta ɗan faɗa, kewar uwa ce. Takan kwanta da wuri.

Ga hujja na haɗo maka, tun da kai malami ne sai da hujja. Darasinmu na makon jiya shi ne zuwa asibiti. Yara sukan yi wasan likita da majinyaci, su koyi sunayen kai da ciki da ƙafa. Ranar Juma'a na ce kowa ya rubuta wa babansa wasiƙa da Turanci. Hadiyya ta rubuta jimla biyar da hannunta, ba wanda ya taimake ta. Na ba ta takwas bisa goma. Jan biron da za ka gani gyarana ne, kuskure biyu kacal. Yarinyar da wata guda baya take yin gaisuwar safe da la'asar! Ka nuna wa Yaya Rabi, ka kuma shirya ba ni haƙuri.

Taka,
Hafsatu

Dutsin-Ma, 19 ga Oktoba, 2021

Yaya,

Salam. Ku taho yanzu, kai da Yaya Rabi, ku biyo Ya'u. Hadiyya ta faɗi a aji da safen nan. Muna asibiti. Likita ya ce taifod ce ta daɗe a jikinta har ta huda hanji, za a wuce da ita Katsina a yi mata aiki. Yana ta yi mini faɗa wai me ya sa ba a kawo ta da wuri ba. Wallahi Yaya ba ta taɓa gaya mini tana ciwo ba.

Hafsatu

Wurma, 24 ga Oktoba, 2021

Hafsatu,

Assalamu alaikum. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Kin koma Dutsin-Ma washegarin jana'izar Hadiyya, saboda haka ba ki nan abin da zan faɗa ya faru.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, ana ta cewa yarinya ce mai ƙoƙari. Sai na ciro takardarta daga aljihu, wadda kika aiko, don mutane su ga inda ta kai. Na miƙa wa Alhaji Mamuda, wanda ya yi aikin duba-gari a Kurfi kafin ya yi ritaya. Ya sa tabarau ya karanta, sai ya ninke ta ya riƙe. Ya ce, "Malam, wa ya karanta maka wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Mu shiga daga ciki." Na ce, "Mi ta ce, Alhaji? Faɗa mini nan." Ya ƙi, sai da muka shiga zaure.

Ga abin da ya fassara mini, na sa ya maimaita sau biyu:

"Baba, cikina yana ciwo. Kullum yana ciwo. Ba na iya cin abinci. Na gaya wa Gwaggo, ta ce na yi ƙoƙari. Ka zo ka ɗauke ni."

Ya nuna mini inda jan bironki ya bi. A jimla ta uku kin gyara mata yadda ake cewa "ba na iya cin abinci", kin rubuta daidai ɗin a sama da kyakkyawan rubutunki. Ashe kin karanta.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ni nake gaya wa mutane haka. Amma kin rantse mini a takarda cewa ba ta taɓa gaya miki ba, ita kuma ta rubuta cewa ta gaya miki. Ɗayanku ba ta nan. Ke nake tambaya. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban gaya wa Rabi ba tukuna.

Abdulhadi

Dutsin-Ma, 27 ga Oktoba, 2021

Yaya Malam,

Wa alaikumus salam. Hadiyya ce ta faɗi gaskiya.

Lokacin da na rantse maka ban san ƙarya nake ba. Da na karanta wasiƙarka na zauna na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai na same su. Sau uku ne.

Na farko da Hausa ne, farkon watan nan, ina tankaɗe. Ta tsaya a bayana ta ce, "Gwaggo, cikina." Na ji ta sarai. Na ci gaba da tankaɗe ina jiran Turancin. Ta ɗan tsaya, ta tafi.

Na biyu a aji ne, ranar da muka fara darasin asibiti. Ina rubuta jimlolin a allo ta ɗaga hannu, ita da ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba. Ta miƙe ta ce, "My stomach is paining me," wato cikina yana ciwo. Yaya, daɗi ya kama ni. Na ce ga shi ta fashe da harshen kamar yadda aka ce. Na sa aji ya tafa mata. Yara arba'in da biyu suka tafa mata, ta zauna. Yanzu na gane jira take a koya mata kalmomin don ta samu in ji ta.

Na uku ita ce takardar. Na karanta ta ina neman kuskure, na samu biyu, na yi murna da ba su fi haka ba. Na ɗauka darasi take maimaitawa. Ko jimlar ƙarshe ban tsaya a kanta ba, don babu kuskure a cikinta.

Ba zan ɗora wa masanin bita ba. Bai ce in kai dokar gida ba, bai ce kada in taɓa goshin yarinya ba. So nake in nuna maka na fi ka sanin koyarwa. Ka roƙe ni lokacin cin abinci kawai, na hana.

Ban koma aji ba, ban san ko zan iya ba. Ka gaya wa Yaya Rabi duka, kada ka rage don ka rufa mini asiri. In kun yarda, ina so in zo in durƙusa a gabanta. Ba na cewa ku yafe, so nake ta faɗa mini duk abin da ke bakinta in saurara.

Ƙanwarka,
Hafsatu

Wurma, 30 ga Oktoba, 2021

Hafsatu,

Salam. Na karanta wa Rabi wasiƙarki daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Na kuma gaya mata nawa laifin. Kwana bakwai ina yawo da kiran ɗiyata a aljihu, ina nuna wa mutane a masallaci, ban nemi wanda zai karanta mini ba don ina jin kunyar a ce Malam bai iya ba. Gidan Alhaji Mamuda gida huɗu ne daga nawa.

Da na gama ba ta yi kuka ba. Ta ce kada ki zo tukuna. Na tambaye ta sai yaushe, ta tashi ta shiga ɗaki. Ni ma tun ranar ba ta yi mini magana ba.

Allah Ya jiƙan Hadiyya.

Yayanki,
Abdulhadi