Inna, Gwaggo Ta Sayo Kanwa

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko lokacin da kike raye ma ba boko kika iya ba, sai dai ki juya takarda ki ce tururuwa ce ta bi ta kanta. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk faɗin Kazaure ban ga wanda zan faɗa wa bai ce na yi saɓo ba.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Baba yana nan Gwiwa, ya rame, amma yana zuwa gona. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce dai har yanzu ba ta dawo daidai ba. Jikokinki kuwa, Habu ya shiga firamare. Talatu baki ya buɗe, surutu kamar ke kika haife ta. Surukinki Malam kuwa an yi musu ƙarin albashin nan da ake ta magana, ya sayi babur, tun daga ranar ƙafarsa ba ta ƙara sanin hanyar ofis ba. Ya ajiye teɓa, kullum da ƙunshin tsire da yamma, sigari kuma ɗaya na bin ɗaya. Duk wanda ya gan shi sai ya ce arziki ya zauna.

Ni kuma, Inna, ciki gare ni, har ya tsufa. Shi ne na farko da zan haifa ba kya nan.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti, irin naki sak, wanda yake kama ƙeya da sassafe. Wata nas ce ta duba ni, Kirista ce 'yar wajen Jos, Hausa a bakinta kamar 'yar gari. Ta naɗa mini wani ƙyalle a damtse, ta yi ta matsa wata 'yar roba yana kumbura har hannuna ya yi tsami. Da ta duba sai ta sake, ta kuma sakewa. Ta ce hawan jini ne. Ta tambaye ni ko akwai mai shi a danginmu, na ce babu, mu ba mu san wannan ciwon na masu kuɗi ba. Sai ta canza tambayar. Ta ce ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya mutu?

Inna, me zan ce mata? Ke na gani kwance a gindin turmi, taɓarya a gefe, kina son kiran sunana harshe ya ƙi. Na tuna Kawu Mamman, wanki, da aka ɗauko daga gona a Roni da fartanya a hannu. Ku duka biyun cewa aka yi iska ce ta buge ku. An yi rubutu, an yi turare, an yanka abin da aka ce a yanka. Kafin nan kuma, duk sanda kanki ya matsa, wanzami ake kira ya kafa miki ƙaho a ƙeya, ki ga baƙin jini a ƙasa ki ce alhamdu lillahi mugun ya fita. Ashe ba a nan yake ba.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce jini ne yake bugun jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima, shekara da shekaru, mutum yana yawonsa bai sani ba. Ta ce yana bin dangi. Ta ce ƙiba tana kawo shi, da taba, da zama wuri ɗaya, da yawan damuwa, da girma in ya zo. Amma abin da ta fi nanatawa shi ne gishiri da kanwa. Tana lissafi ina ganinki. Ke ba ki da ƙiba, ba ki kuma san zama ba. Amma yaushe na taɓa ganin leɓenki babu garin taba da kanwa? Wace miya kika taɓa kaɗawa ba ki jefa mata kanwa ba? Wake kanwa, kuka kanwa, ciwon ciki ma jiƙon kanwa. Damuwa kuwa, shekarun farin nan da rumbu ya ƙare, wa ya kai ki kwana da ita? Sauran lissafin, na ƙiba da sigari da zama, wannan na Malam ne, kamar ta leƙo gidanmu. Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce mai rai ba ya rasa abin da zai kashe shi.

Sannan nas ɗin ta tambaye ni yadda ake mini jego. Na ba ta labari har da alfahari, don duk Gwiwa an san babu wadda ta kai ki iya wankan jego. Tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, kunun kanwa ƙwarya guda, mai kauri, sai kin ga gindin ƙwaryar kike barin ɗakin. Sai ta tambaya ko na kumbura bayan haihuwar Talatu.

Kin tuna, Inna? Ƙafafuna suka yi suntum, fuska ta cika, duk wadda ta zo barka sai ta ce jego ya karɓe ni, ke kuma kina ta murmushi ana yaba hannunki. Ban faɗa miki ba, amma lokacin in na danna ƙaurina da yatsa sai rami ya zauna. In na kwanta numfashi ya ƙi, sai na jingina da bango. Na ɗauka haka kowace mai jego take ji. Nas ɗin ta ce zuciyata ce ta gaji da ruwan da kanwa ta tara mini, ga zafin wuta a kai. Ta ce wancan karon Allah ne ya kiyaye. Wannan karon, da jinin da ta gani, in na sake shan kunun nan kwana arba'in ba ta ba ni tabbacin zan ga ƙarshensu ba.

To ga inda gizo yake saƙa. Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, ta riga ta iso. Ta ce amanata kika bar mata. Da kanta ta je kasuwar Babura ta zaɓo kanwa wajen mutanen Nijar, ungurnu mai kyau, ta ce ba za a yi wa 'yar marigayiya jego da ta banza ba. Ta sa an tara itace har ya kusa kai katanga, an gyara gadon ƙasa. Tsohuwar nan ƙafarta ciwo take, amma haka take ɗingishi tana shiri saboda ni. Na ɗan taɓa mata maganar asibiti, sai ta saki baki tana kallona. Ta ce jikin mai jego ɗanye ne, in sanyi ya shige ni wa zai cire? Ta ce da kanwa aka yi jegon uwata da kakata, wace ce ni? Na kai ƙara wajen Malam, ya ce wannan maganar mata ce, ba ya shiga.

Wallahi Inna tsoro nake ji ta kowane gefe. In nas ɗin ce ta yi kuskure fa? In na ƙi, sanyin ya kama ni, na zama abin nuni a Gwiwa? Ku da kuka haife mu duka da wannan wankan, ku ba ku san abin da kuke yi ba ne? Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma na ga yadda kika kwanta, ana juya ki ana share miki miyau. Ni ina da shekarun da na iya ɗaukar rashinki, kuma ga yadda nake. Talatu ko ɗaura zane ba ta iya ba.

Na yanke shawara. Zan yi wanka da ruwa mai ɗumi, zan sha kunu, amma babu kanwa, kuma ba zan hau gadon wuta ba. Gobe zan durƙusa gaban Gwaggo in faɗa mata. Za ta yi kuka, za ta ce boko ya lalata ni, za ta ce na tozarta ki tun ƙasar kabarinki ba ta kwanta ba. Wataƙila ta ɗaure kayanta ta koma. Zan jure.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Tun da aka binne ki babu ranar da ban yi fatan ki dawo ba. Amma ranar da na fito daga asibitin nan, ina tafe a hanya, sai na ji zuciyata tana cewa gara da Gwaggo ce za ta yi mini jegon nan, ba ke ba. Na tsaya na yi istigfari, amma tunanin bai tafi ba. Gwaggo zan iya sunkuyar da kai in ce mata a'a. Ke kuwa da kin shigo da ƙwaryar nan, kin zauna a bakin gado kina fifita mini, kin ce sha 'yar nan, na rantse da sai na shanye, ina sane da abin da ke ciki. Ban taɓa iya mayar da abin da ya fito daga hannunki ba.

Ki yafe mini wannan, Inna. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kin huta. Ina kewarki, amma ba na son in zo yanzu.

Taki har kullum,
autarki Ladi.