Ƙirgen Kaka a Bayan Zana

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karanta wannan shafi. Don Allah ku ba ni shawara, amma a sakaya sunana. Ku yi haƙuri da rubutun, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Aure ne ya kawo ni unguwar Yindiski ta Potiskum daga ƙasar Katagum, yanzu ina da cikin fari wata takwas. Da sai a ce ina gidanmu goyon ciki, to mahaifiyata a kan gwiwa ta rasu, ba ni da wurin komawa. Mijina fataucin shanu yake zuwa kurmi a ƙafa, in ya tafi sai an ga wata uku. Daga ni sai mahaifiyarsa, Inna, ba ta da mugunta amma ba ta hira, kuma kun san cikin fari, ko tambaya na yi sai a ce ba ni da kunya. Wallahi kaɗaici da tsoro sun cika ni, in na tuna ranar durƙuso sai numfashina ya sarƙe, ko abinci in kasa ci.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Ngizim, kowa Kaka yake ce mata, Hausarta a karye take, mace ma “kai” take ce mata. Ran da na je aron dutsen niƙa ta dube ni ta ce, “Kai yarinya, tsoro ya cinye numfashinka.” Ta sa na durƙusa gaban dutsen na ware gwiwa, in na jawo ɗan dutsen in shaƙi iska, in na tura in sake ta a hankali, ita kuma tana rera wasu kalmomi da yarensu ina bi. In mun gama ta murza min ƙugu da man gyaɗa mai ɗumi, ta ce in saki haƙora, wai mai cije baki jikinta ma a cije yake. Sati uku muna haka, na koma cin abinci.

Rannan Inna ta ji ni ina niƙa ina rera kalmomin, ta ce waƙar tsafi ce nake ɗura wa jikanta. Ana gobe mijina zai tafi ta gaya masa, shi kuma ko tambayata bai yi ba, ya ce in na sake taka gidan Kaka ko ta tako namu, a bakin aurena.

Bayan tafiyarsa mai kitso ta zo, ita ma 'yar Ngizim ce, na faɗa mata kalmomin. Ta yi dariya har da hawaye, ashe ƙirge ne kawai, ɗaya zuwa biyar. Inna na zaune ta ji, jikinta ya yi sanyi, amma ta ce magana ta riga ta fita daga bakin ɗanta, ba ita za ta warware ba. Shi kuwa sai bayan suna zai dawo.

Yanzu Kaka ta jawo dutsenta jikin zanar da ta raba mu. Kullum da hantsi tana niƙa tana ƙirge da ƙarfi, ni kuma in durƙusa ta wannan gefen ina bi, ba ma ganin juna. Inna tana ji, sai ta shige ɗaki kamar ba ta ji ba. Jiya Kaka ta ce, “In ranar ta zo, ka buga turmi sau uku, ina nan.”

To jama'a, musamman malamai da iyaye mata, in naƙuda ta tashi in kira ta ta shigo, aurena ya mutu a kan ɗaya zuwa biyar? Ko in haƙura da muryarta ta bayan zana? Murya ba ta riƙe ƙugu, ni kuma ba na so in durƙusa ni kaɗai yadda uwata ta yi.